Ɗan lisansi, ga yadda za ka shiga aikin bincike tun kafin masta

Ƙannena na jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, don Allah kar ku jira sai masta kafin ku sa hannu a aikin bincike. Lisansi shekara 3 ce kacal, in ka cinye ta daga amfi sai ɗaki, ranar da aka ce kawo memuwar, wato kundin bincikenka na kammala karatu, ido zai raina fata.

Tun L2, wato shekara ta biyu, ka zaɓi malamin da karatunsa ke shigarka, ka nemo abu guda da ya rubuta ka karanta ko da rabi ka gane, sannan ka same shi biro, ba bakin amfi ba inda kowa ya yanyame shi. Ka gaida shi ka ce Malam, in za a fita ankete ina so a tafi da ni, ko jaka ce in riƙe. Kar ka fara da zancen kuɗi. Ka faɗa mishi harsunan da kake ji, Hausa, Buzanci, Fillanci, wallahi wannan babban jari ne, don takardar tambayoyi da Faransanci ake rubuto ta amma manomi ba da shi zai amsa ba.

Ni fitata ta farko wani ƙauye ne wajen Illela, kan tassa, ramukan nan da ake haƙawa a fako a zuba taki su riƙe ruwan sama. Na tambayi wani dattijo hekta nawa gonarshi, ya dube ni ya ce ɗana, mu damma muke ƙirgawa. Nan bisa tabarma na gane yadda ake gyara tambaya, abin da wata shida na darasi bai koya mini ba.

Kafin tafiya ka sa KoboCollect, manhajar cika takardar tambayoyi, a wayarka ka koye shi, yana aiki ko babu rezo, kuma ka riƙe pawa bank. Kar ka ɗauki muryar mutum sai ka gaya mishi abin da za a yi da ita ya yarda. Gidan da ba ka shiga ba kar ka cika mishi takardar tambayoyi a gindin icce, amana ce.

In an dawo ka roƙi a bar ka ka ga yadda ake tace bayanan, kuma ka karɓi atestasiyon mai sa hannu da tambari tun malam bai manta da kai ba. Ita za ka sa a dosiye ranar neman masta ko istaj a LASDEL (binciken zamantakewa), INRAN (binciken noma) ko INS (ƙididdiga) can Yamai.