Darasi na 9: Karɓar Baƙi da Abin da ke Cikin Gida

A ƙauyukanmu baƙo ba ya cika aiko da sanarwa. Kana zaune sai ka ji sallama a ƙofar zaure: kawu ne ya biyo daga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko surukai sun ratso daga Maigatari ranar Alhamis. Nan take hankalin uwargida ya tashi, maigida ya fara lalube a aljihu, a tura yaro wajen mai shago ya karɓo shinkafa da lemon kwalba bashi. Baƙo ya kwana ɗaya ya tafi, gida kuwa ya yi wata yana biya. Wannan darasi zai nuna mana yadda za mu fita kunyar baƙo ba tare da an rubuta sunanmu a littafin mai shago ba.

Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira ya girmama baƙonsa. Ya kuma ce abincin mutum biyu yana isar uku, na uku yana isar huɗu. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito su. Ku lura, girmamawa aka umarce mu da ita, ba a ce sai mun ɗora wa kanmu abin da ba za mu iya ba.

Farkon girmamawa ba ya cin ko kwabo. A share tsakar gida da zaure, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a ɗaure akuyoyi. A kakkaɓe tabarma mafi kyau a shimfiɗa a inuwa, a ajiye buta cike kusa da ita, a duba banɗaki. Idan akwai ɗan turaren wuta, a sa garwashi a kasko. Sannan a tare shi da sakin fuska: "Maraba lale, Kawu, sannunku da hanya. Ya aka baro su Inna?" Tun kaka da kakanni aka san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ruwan randa mai sanyi shi ne abu na farko da za a miƙa, a wankakken kwano, an rufe shi da faifai.

Abin sha kuwa, Allah ya hore mana zoɓo. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma shi, har ƙasashen waje ake kai shi, amma mu da muke shuka shi a gefen gona sai mu raina shi mu nemi na kwalba. A wanke busasshen zoɓo sau biyu don yashi ya fita. A tafasa shi tare da dakakkiyar citta da kanumfari kaɗan, a sauke ya huce, a tace da rariya mai tsabta, sannan a sa sukari daidai. A zuba a jarka a tsoma cikin randa ya yi sanyi. Wanda ke da gero ya dama fura da nono, ko kunun tsamiya idan lokacin sanyi ne.

Yanzu sai tukunya. A ganina, babu abincin da ke rufa asirin mai ƙaramin ƙarfi kamar dambu, domin yana da auki, kuma kusan duk kayansa na gida ne. A wanke tsakin masara a tsane shi, a zuba a madambaci a turara har ya fara laushi. A juye a roba, a zuba zogale, da yankakkiyar albasa, da attaruhu, da dakakkiyar gyaɗa, da gishiri, a yayyafa ruwa kaɗan, a cakuɗa da hannu har ganye ya ratsa ko'ina. A mayar madambaci a rufe sosai. Idan ƙamshin albasa da gyaɗa ya cika tsakar gida, kuma tsakin ya yi taushi a tsakanin yatsu, ya nuna. A zuba a kwano mai murfi, a kwarara man gyaɗa a kai, a ajiye yajin ƙuli a gefe. Idan kaza ta yi ƙwai, a dafa biyu a raba su a jera a sama. Wannan kwano ba ya jin kunyar zuwa gaban hakimi.

Da dare tuwon dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa ya wadatar, muddin daddawa ta ji kuma tuwon ya tuƙu. Ba kowane baƙo ake yanka wa kaza ba. A bar ta don surukai, ko wanda ya daɗe rabonsa da gidan. Idan kuma suruki ne, a ajiye masa abinci a ba shi wuri, don ba zai saki jiki ya ci ana kallonsa ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai an yi tanadi tun da kaka, lokacin da hatsi ke araha. A ware tiya biyu ko uku ta masara da gero a ce na baƙi ne, kada a taɓa. A shanya zogale a inuwa don ya riƙe korensa, a busar da kuɓewa da tumatir, a ɗaure zoɓo a buhu nesa da danshi. Kwano ɗaya mai murfi da kofi biyu ma a keɓe su.

Aikin aji

A ce baƙi 8 suka zo, kuma a ce lemon kwalba ɗaya naira 400 ne. Nawa za a kashe? Idan kayan zoɓon da zai ishe su naira 1,200 ne, nawa ya rage a aljihu? Ku sake lissafin da farashin kasuwarku na wannan mako.

Kowa ya rubuta a littafinsa abubuwa 5 da ke gidansa yau waɗanda zai iya karɓar baƙo da su, ya karanta wa na kusa da shi.