Kurakuran da masu kare ke yi a farkon damina a Legas

Da zarar ruwan farko ya sauka a Legas, wajen watan Maris zuwa Afrilu, zafi da laima suna haɗuwa, kuma a lokacin ne kaska da ƙuma ke yin yawa. Masu karen gadi a Agege ko Mile 12, da 'yan uwanmu masu gadi da aka damƙa wa karnukan gida a Lekki da Ikoyi, kusan kurakurai iri ɗaya suke yi.

Mafi muni shi ne yi wa kare wanka da Sniper ko fiya-fiya don kashe kaska. Gubar tana ratsa fata, kuma karen yana lasar jikinsa. Sai ka ga yawu na dalala, jiki na ɓari, ga amai da zawo, wani lokaci ya mutu kafin a kai shi asibiti. Idan an riga an yi, a wanke shi nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya wurin likitan dabbobi da kwalbar a hannu. Manja ko madara ba sa karya wannan guba. Haka ma shafa baƙin man inji a kan ƙazuwa, ƙona fata kawai yake yi. Akwai ƙwayoyin da aka yi domin kare, irin su NexGard da ake ba da shi duk wata, ko Bravecto mai ɗaukar mako 12. Da nauyin kare ake auna su, saboda haka a ɗora shi a sikeli tukuna, ban da kintace.

Ko an ba da magani mai kyau, mutane kan manta da makwancin karen. Kaskar kare a tsagar bango da ƙarƙashin katako take ɓuya, kuma mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai. A fitar da karen, a fesa wa kejin maganin da likita ya ba da, har saman bango domin kaska tana hawa, a bari ya bushe sarai, a sake bayan mako biyu. Wadda ta maƙale a jiki kuwa, a kama ta da matsefata dab da fata a ja a hankali. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu. In karen ya daina cin abinci, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Idan ya yi fari fat, ko fitsari ya koma kalar shayi, zazzaɓin kaska ne ake zargi, gwajin jini yake bukata a ranar.

Wani abin da ake ɗauka maruru ne, alhali tsutsar ƙuda ce. Ƙudan yana zuba ƙwai a yashi mai inuwa da fitsari ya jiƙa, ko a tsumma mai laima, tsutsar ta shige fatar kare idan ya kwanta. Za ka ga ƙurji mai ɗan rami a tsakiya, abu fari yana motsi a ciki. A toshe ramin da man Vaseline, a jira ta leƙo neman iska, a matso ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ta ba, sannan a wanke wurin. Kwikwiyo ya fi kamuwa, don haka a kwantar da shi a siminti busasshe.

Sai rigakafi. Wasu suna yin allura ɗaya su ce an gama. Kwikwiyo yana fara karɓar allurar haɗaka, wato mai rigakafin cututtuka da yawa a allura ɗaya, yana da mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk mako 3 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta ciwon hauka a wata uku, sannan duk shekara. Allurar haɗakar tana da muhimmanci a damina, domin ruwan kwata da ke ambaliya cikin gidaje yana ɗauke da fitsarin ɓera mai cutar da ke lalata ƙoda da hanta, har mutum tana kamawa. Kuma allurar da ta yi zafi a jaka ko a firijin da ba wuta ta tashi aiki, dole ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Maganin tsutsar ciki duk wata uku ne ga babban kare. Kada a ba shi parasitamol ko ibuprofen na mutane, suna taɓa hanta da ƙoda.

Buhun abinci kuma yana saurin yin fumfuna a laimar Legas. A sayi wanda zai ƙare cikin wata guda, a juye shi a roba mai murfi, a ɗaga daga ƙasa. Wanda ya dunƙule ko ya canza wari a zubar da shi, domin dafawa ba ta kashe gubar fumfuna.