Kurakuran da sababbin hannu ke yi wajen auna kaɗawar ƙasa kafin gini

Na gaji da karanta rahoton da mai shi bai san inda lambarsa ta lokacin kaɗawar ƙasa ta fito ba. Kowane fili yana da lokacin da ƙasarsa take ɗauka ta kaɗa sau ɗaya. Idan ya zo daidai da na ginin da ke kai, girgizar ƙasa ta samu abokin rawa, ginin ya kaɗa da ƙarfi. Haka aka yi a birnin Meziko a 1985: tushen girgizar yana da nisan kusan kilomita 350, amma lakar tsohon tafkin da birnin ke kai tana kaɗawa a wajen sakan 2, sai benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka fi shan wuya.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai, ni na fara tafka shi. Na dasa na'ura, na naɗi ƙananan motsin ƙasa, na yi lissafin rabawa, ƙarfin motsin kwance a kan na tsaye, bisa hanyar da masanin Japan Nakamura ya fitar a 1989, sai ga tsini siriri mai kyan gani a zane, na ɗauka shi ne ke nuna kaɗawar ƙasar filin. Har na miƙa rahoto ina murna. Ashe injin famfo ne ke aiki a bayan katanga! Sai da aka sake lissafin ginin daga farko, kunya kuwa ba a magana. Motsin inji yana fitowa da kaifi a dukkan ɓangarori ukun na'urar, wato biyu na kwance da ɗaya na tsaye, tsinin ƙasa kuwa yakan fi faɗi. Tun daga nan nake zagaya fili da kunnena kafin in kunna komai, kuma nakan sake awon da dare.

Sai masu gaggawa. Minti biyar ka naɗa a kan laka mai zurfi, ka ce ka gama? Ni ba na tashi sai na cika rabin awa.

Kada ka ajiye na'ura a kan ciyawa ko gindin bishiya ana iska. Ka daidaita ta, ta zauna daram.

Kada ka rikita Hz (yawan kaɗawa a cikin sakan ɗaya) da sakan (lokacin kaɗawa ɗaya): ka raba 1 da ɗayan, ka samu ɗayan.

Kuma ka gwada sakamakonka da lissafi: ninka kaurin ƙasa mai laushi sau 4, ka raba da gudun igiyar girgiza mai kaɗa ta gefe. Mita 30 da gudun mita 150 a sakan suna ba da sakan 0.8, kusan na bene mai hawa 8. Ni nakan ƙara wani abu a kai, don girgiza mai ƙarfi tana sassauta ƙasa, lokacin ya ƙara tsawo.