Yadda za ka hau Mambila ka san ƙasar da mutanenta

Aikin duba lafiyar shanu ne ya fara kai ni Mambila, tsaunin nan na jihar Taraba, kuma tun daga lokacin nake komawa, wani sa'in da dalilin aiki, wani sa'in kuwa kewar wurin ce kawai take ɗauko ni. Abokai kan kira ni su ce, "Malam, muna so mu je mu ga wurin nan mai sanyi, ta ina za mu fara?" Da yawansu sukan je su kwana biyu a Gembu, su ɗauki hoton ciyawa, su dawo ba su san komai ba sai sanyin. Abin yana damuna, domin ƙasar nan da mutanenta sun fi ƙarfin hoto. Ga abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni.

Ka fara da zaɓen lokaci. Damina a Mambila doguwa ce, tana kamawa tun wajen Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. In zuwanka na farko ne, ka bari sai ruwa ya ɗauke. A Nuwamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, tuddai suna nan kore shar, hanyoyin ƙauye kuma sun fara tsanewa. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiya, amma sanyin darensu ba wasa ba ne. Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi, da safa, da man shafawa, da takalmi wanda ƙasansa ba ya santsi. Silifa na alwala ne kawai a can. Ka riƙe kuɗi a hannu, domin da ka fita daga manyan garuruwa sabis ɗin waya sai ya ga dama.

Mambila tana cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, hedikwatarta Gembu. Daga Jalingo za ka bi ta Bali, ka wuce Serti, ka isa Mayo Selbe, wadda take gindin dutsen. Ka baro Jalingo da sallar asuba, don tafiyar takan cinye kusan wuni, kuma ba na ba kowa shawarar ya hau dutsen nan da duhu. Kafin ka tashi ka shiga tasha ka tambayi direbobin da suka sauko jiya yadda hanya take, da lafiyarta da tsaronta. Su ne ke da labarin yau.

A Mayo Selbe ka tsaya. Ka yi salla, ka ci abinci, ka bar injin ya huce, ka duba ruwan lagireto da birki. Daga nan hanya take fara naɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, rami mai zurfi a ɗayan. Ka sa ƙaramar giya ka bar mota ta hau a hankali, ka danna oda kafin kowace kwana, domin ba ka ganin mai saukowa sai kun yi kiciɓis. Ranar dawowa ma ƙaramar giyar ce za ta sauko da kai. Wanda ya dogara da birki shi kaɗai, kafin ya kai rabi birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Na taɓa tarar da motar ɗaukar kaya a tsaye a wata kwana, tayoyin gaba suna hayaƙi, yaran mota suna ta tara duwatsu a ƙarƙashinta, direban ya zauna a gefe ya riƙe kai. Allah ne ya kiyaye.

Kana hawa za ka ji kunnenka ya toshe, sai ka haɗiyi yawu ya buɗe. Ka sauke gilashi ka ji yadda iska take sauyawa. A ƙa'ida duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6, kuma saman Mambila yana da tsayin kimanin mita 1,600 daga teku. Shi ya sa ka baro Serti kana gumi, ka iso Maisamari kana neman rigar sanyi. Da rana a saman da wuya zafi ya haura digiri 25.

To, a nan ne nake so ka sassauta. Tsakanin Maisamari da Nguroje ka sami wani tudu ka tsayar da mota, ka fito ka tsaya minti goma kana kallo. Abin da za ka gani shi ne tuddai masu sulɓi, ɗaya bayan ɗaya har iyakar ganinka, ciyawa ta lulluɓe su, babu itatuwa sai a cikin kwari inda rafi yake bi. Ka lura da wanda yake sama da wanda yake ƙasa. A kan tudu za ka ga shanu da rugage. A cikin kwari da gefen rafi za ka ga gonakin masara, da gwaza, da ayaba, da rufin kwano na ƙauyuka. Layin itatuwan turare, waɗanda wasu ke kira zaiti, dasa su aka yi, kuma sau da yawa suna nuna iyakar gona ko ta gari. Da su ake gini, da su ake girki. In ka fahimci wannan rabo na tudu da kwari, ka kama bakin zaren zaman mutanen wurin, da arzikinsu, da abin da yake haɗa su faɗa.

Dalilin da shanu suka cika saman shi ne sanyin ya hana ƙudan tsando zama, ga ciyawa ga ruwa kusan duk shekara. Ni da idona ya saba da shanun da rani ya rame, ranar da na fara ganin garke a wajen Nguroje sai da na tsaya ina ƙare musu kallo: tozo a tsaye, gashi yana sheƙi. Amma ka dubi jikin tuddan da kyau, za ka ga wasu siraran layuka kamar matakala. Sawun shanu ne na shekara da shekaru. A wasu wuraren ƙasa ta tsage ta zama kwazazzabo, jar ƙasa a fili. Yawan kiwo a wuri ɗaya da ƙona ciyawa kowane rani su ne suka jawo haka, kuma makiyayan da kansu suna faɗa.

Manoman Mambila kuwa mutane ne da suka san ƙasarsu. Wani dattijo ya taɓa kai ni gonarsa a gefen wani kwari, na ga wani ɓangare ya cika da majimfa, na ɗauka saura ce aka bari. Ya ce a'a, shuka ta ya yi da hannunsa, don ta mayar wa ƙasa ƙarfinta kafin ya dawo da masara. Ya tumɓuke ɗaya ya nuna mini saiwar, ya damƙi ƙasar wurin ya sa mini a tafin hannu, baƙa, mai laushi. In ka shiga ƙauye ka roƙi a kai ka gona. Ba abin da manomi yake jin daɗinsa kamar baƙon da ya tambaye shi yadda yake noma. Za ka ga dankalin Turawa, da wake, da fiya, da goro, da kofi a wasu wurare.

Sai mutanen. 'Yan ƙabilar Mambila ne sunan ƙasar ya samo asali daga gare su, kuma harshensu yana da karori da yawa, har mutumin wani ƙauye yakan sha wuyar jin na wani ƙauyen mai nisa. Akwai Fulani, na gari da na daji. Akwai Kaka, da Panso, da Kambu, waɗanda danginsu suke ƙetaren iyaka a Kamaru. Akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe har sun haifi 'ya'ya da jikoki a can. Musulmi da Kirista sukan fito daga gida ɗaya. Hausa za ta kai ka ko'ina a kasuwa da tasha, amma harshen da ya fi haɗa jama'a shi ne Fulatanci. Ka koyi ko da kalma uku. Da safe ka ce "a wali jam", a amsa maka da "jam". In an yi maka alheri ka ce "useko". Za ka ga fuska ta saki. Fulatancin zai taimake ka har wajen karanta taswira: duk inda ka ji "Mayo", kamar Mayo Selbe ko Mayo Ndaga, kogi ne a wurin. "Chappal" kuwa tudu ne mai tsayi, kamar Chappal Waddi, wanda ya kai mita 2,419, babu wurin da ya fi shi tsayi a Najeriya. Yana kan iyaka da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, kuma hawansa tafiyar kwanaki ce da ja-gora. Kada ka sa shi a lissafin zuwan farko.

Yana da kyau ka san ɗan tarihi kafin ka zauna da dattawa. Yankin nan a da ƙarƙashin Jamus yake, cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila. A watan Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacin Kamarun Ingila ya zaɓi ya shiga Najeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna don girmama Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Sunan ƙaramar hukumar daga nan ya fito. Saboda haka kada ka yi mamaki in wanda ya sauke ka ya ce gobe zai je biki gidan kawunsa a Kamaru ya dawo jibi. Iyakar ta zo ta tarar da zumuncin ne.

In ka isa ƙauye, kafin ka zaga ko ka fito da waya, ka nemi gidan mai gari ko jauro ka yi gaisuwa, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka. A ruga ka nemi arɗo ko babban gida, ka tsaya daga nesa ka yi sallama har a fito. Kada ka tambayi makiyayi yawan shanunsa, kuma kada ka tsaya kana nuna su da yatsa kana ƙirgawa. Kada ka ɗauki hoton mace ko yaro ba da izini ba. In an miƙo maka nono ko tuwon masara, ka karɓa ka taɓa ko kaɗan ne.

Akwai maganar da nake roƙonka kada ka zama kai ne mai buɗe ta, wato maganar fili. Wa ke da tudu, wa ke da kwari, wa ya riga wa zuwa. A kan wannan an yi rikici fiye da sau ɗaya, na watan Yunin 2017 ya ci rayuka da dukiya mai yawa, kuma akwai gidajen da har yau ba su gama share hawaye ba. Na zauna da manomin da shanu suka cinye masa masarar shekara, na zauna da makiyayin da aka kashe masa garke. Dukansu sun ba ni abinci, dukansu sun raka ni hanya. In wani ya buɗe maka cikinsa, ka saurara, ka yi masa jaje, kada ka yanke hukunci, kuma kada ka ɗauki maganar wannan gida ka kai wancan.

Game da zirga-zirga a saman, ka cire kilomita daga lissafinka. Ƙauyen da kake hangowa a tudun can, har kana ganin hayaƙin girkinsu, yana iya cin ka awa uku, domin sai ka gangara kwari, ka ƙetare rafi, ka sake hawa. Ka riƙa tambaya da awa, kuma ka tambaya ko an yi ruwa jiya, don jar ƙasar nan in ta jiƙe ta zama sabulu. Babur ne dokin wurin, sai tsofaffin Land Rover da ke jigilar masara da dankali zuwa kasuwa. Ka ɗauki ɗan acaɓa ɗan gari, in ya ce ka sauka ka taka wani wuri, ka sauka. Kogin Donga daga wannan dutse yake tasowa, yana bi ta gefen Gembu, kuma a mashigai da dama kwalekwale ne ke ƙetarar da mutum da babur ɗinsa. A kan wannan kogi ne aka daɗe ana maganar gina tashar lantarki mai megawat 3,050. Hazo kuma yakan sauko ba sallama, ya rufe hanya har ba ka ganin taku goma a gabanka. In ya same ka, ka tsaya inda kake har ya yaye.

Wurare biyu nake so ka sa a gaba. Na farko gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea. Ka je da sassafe, lokacin da masu tsinka suka shiga layi da kwanduna a baya, suna cire ɗanyen toho na sama kawai. Na biyu dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ragowar kurmin kan dutse da ya tsira a jikin gangare, inda har yanzu akwai birai iri-iri, har da cimfanzi. Ka nemi izini wurin masu kula da shi, su haɗa ka da ja-gora.

Sannan ka tambayi ranar kasuwar Nguroje, ka shirya kwanakinka ta faɗo a ciki. Ka je da wuri, ka zauna wurin mai shayi a bakin kasuwa, ka ga yadda mutane suke gangarowa daga kowane tudu: mata da ƙoren nono a ka, manoma da buhunan masara a bayan babur, dillalai suna zagaya kara suna taɓa tozo. Ka saurari yadda ciniki ɗaya yake farawa da Fulatanci, ya ratsa ta Mambilanci, a ƙulla shi da Hausa. Ka bar kasuwar kafin la'asar in masaukinka da nisa, domin da rana ta karkata sanyi yake saukowa, kuma 'yan acaɓa ba sa son hanyar kwari da magariba.