Kafin ka ɗaura tef a jikin bishiyar kurmi

Duk shekara sai an samu ɗalibai da ƙananan malamai daga Bauchi da Gombe da wata tawagar bincike ta ɗauka zuwa kurmi: wasu tsaunin Mambila, wasu Gashaka Gumti, masu dogon rabo har Oban a Kuros Riba. Abin farin ciki ne. Abin da ya ishe ni shi ne, idan suka dawo suka baje mini takardunsu, kuskuren bara shi ne na bana, ba ragi. Gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya zo neman shawara in miƙa masa.

Mu a dajin Arewa muka koyi aiki, inda marke da ƙirya ke tsaye kowa da filinsa, gindi a miƙe, rana tana busar da komai kafin la'asar. Ruwan da ke sauka a Bauchi a shekara bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba; a Korup, can Kamaru daf da iyakarmu, ya haura 5,000. Hannun da ya saba da Yankari sai ya sake koyo.

Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Tun 1980 da aka buɗe fuloti, wato yankin daji da aka shata don awon bishiyoyi, mai hekta 50 a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama ake bin tsari ɗaya: a auna duk bishiyar da kaurinta ya kai santimita 1, a ba ta lamba, a rubuta inda take, a dawo bayan shekara biyar a sake. Da wannan ƙa'idar aka buɗe na Korup a 1996, da na kurmin tsauni na Ngel Nyaki a Mambila a 2014, mai hekta 20 da ɗoriya, ƙarƙashin aikin da Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury a New Zealand ta kafa, wanda malamai da ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe suka daɗe suna shiga. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2020, wanda ya nuna kurmin Amazon yana ta rage zuƙar iskar kabon tun shekarun 1990 alhali na Afirka ya riƙe har wajen 2015, an gina shi ne a kan fuloti 244 a ƙasashen Afirka 11 da wasu 321 a Amazon. Kowane ɗaya daga cikinsu, wani ne ya tsaya cikin laka da tef a hannu. Lambar da ka rubuta wani baƙo ne zai dogara da ita, bai san ka ba, kuma ba shi da hanyar tambayarka me kake nufi.

Inda aka ɗaura tef

Wannan shi ne babban kuskuren, kuma shi ya fi cin raina. Ƙa'ida ta ce a auna kauri a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, idan gangare ne daga ɓangaren tudu. Ɗalibanmu sun haddace shi da "daidai ƙirji", sai dogo ya auna a ƙirjinsa, gajere a nasa. Ni sanda nake sa a yanke mini daidai mita 1.3 tun ranar farko, kowa da ita zai jingina.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba. Duk wanda ya taɓa zama a gindin rimi ya san saiwoyin nan da ke tasowa jikin bishiya kamar katanga. A Arewa rimi ne kawai ya saba mana da su. A kurmi manyan bishiyoyi da yawa haka suke, wasu saiwar ta wuce kan mutum. Idan ka zagaya tef a mita 1.3 a kan irin wannan, saiwa da iska ka auna. Dole a hau tsani a auna santimita 50 sama da inda saiwar ta ƙare, a rubuta tsayin wurin a takarda, a shafa fenti daidai inda tef ya zauna.

Na taɓa gadon wani fuloti, ba cikin waɗanda na ambata ba, kuma ba zan faɗi na su wane ne ba. An ba ni takardun awon farko, aka ce in sake awo in fitar da yadda bishiyoyi suka girma. A kan haka na tsara babi guda na digirina. Muka iso gindin wata ƙatuwa, takarda ta ce santimita 112. Muka kafa tsani, aka hau, aka ja tef: 96. Bishiya lafiyarta ƙalau, ganye shar, amma wai ta rame da santimita 16. Na zagaya ina neman fenti, ko ɗigo babu. Dattijon da ke mana jagora, wanda da shi aka yi awon farko, yana tsaye yana kallona. Na ce, "Baba, a ina suka ɗaura wancan karon?" Ya nuna saiwar da gindin addarsa, ya ce, "Malam, yaran nan sun ce tsani ya yi nauyi, a sansani suka bar shi." Haka muka yi ta tarar da su, manya-manyan duka. Babin nan bai rayu ba, kuɗin tafiya ya tafi, kuma waɗanda suka yi ganganci suna can sun karɓi takardar shaidarsu tuntuni.

Ku duba lissafin don ku san ba faɗan banza nake ba. Yawancin bishiyoyin kurmi milimita kaɗan suke ƙarawa a shekara, don haka kuskuren santimita ɗaya ya haɗiye girman shekaru. Nauyin bishiya kuwa ana fitar da shi ne daga kauri sau kauri, a haɗa da tsayi da taurin itace. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari a kauri, ka ƙara fiye da kashi 20 a nauyi. Kusan rabin busasshen itace kabon ne, kuma 'yan manyan bishiyoyin nan su ke riƙe da kaso mafi tsoka na nauyin fuloti. Wato daidai inda ragwanci ya fi kama mutum, nan ɓarnar ta fi girma.

Ɗabi'ata ita ce in zagaye jikin bishiyar gaba ɗaya da jan fentin mai. Abokan aiki da yawa ɗan layi suke ja, suna cewa ina ɓarnar fenti. Su yi ta faɗa. Gansakuka da ruwan shekara biyar na cinye ɗan layi. Idan saiwa ta kusa cim ma tsohon fenti, a auna a tsohon wuri, a auna a sabon wuri can sama, a rubuta duka biyu a rana ɗaya. Igiyoyin daji, wato tsirrai masu hawa, da suka naɗe bishiya a ɗaga su tef ya bi ta ƙarƙashi, kada a sare su. Su ma cikin abin da ake nazari suke.

Sai ƙananan da ke tafiya tare da wannan. Tef iri biyu ne, mai ba da kauri kai tsaye da na tela mai ba da kewaye. Kewayen 94 kaurin 30 ne, kuma wanda ya cuɗa su ya ninka nauyin bishiya kusan sau goma. A rubuta irin tef ɗin a saman kowane shafi. Ƙusar lamba kada a buga ta har gindi, bishiya za ta haɗiye lambar, kuma a buga ta nesa da wurin awo, don jikin itace na kumbura a inda aka ji masa ciwo. Biro ba ya shiga kurmi, fensir kawai. Mai rubutu ya maimaita lambar da ƙarfi kafin mai awo ya sauke tef. Kowane dare a ɗauki hoton shafukan ranar da waya, ko an gaji.

"Ai madaci ne"

A fulotin Korup an ƙirga nau'in bishiya kusan 500 a hekta 50. Yaron da ya iya bishiyoyin Yankari yakan shiga da ƙarfin gwiwa, ya ɗaga kai ya ce madaci ne. Madacin da ya sani Khaya senegalensis ne. A kurmi akwai Khaya grandifoliola da Khaya ivorensis. Ɓaure kuwa, don yawan nau'insa, kada ma a fara. Ka rubuta sunan da mutanen wurin suka ba ka a gurbinsa, yana da amfani, amma sunan kimiyya sai da samfuri. Idan ba ka gane ba, ba ta lamba ka ce ba a gane ba. Wannan ya fi sunan ƙarya daraja sau dubu.

Samfurin ma akwai inda ake tuntuɓe. A Gombe ka danne ganye cikin jarida ka ajiye, kwana biyu ya bushe. A kurmi fumfuna ce za ta riga ka. Ko dai a busar a kan wuta marar ƙarfi a daren da aka tsinko, ko a jiƙa jaridar da sifirit a ɗaure a leda har a fito. Sifirit na wanke tawada, kuma yana ɓata ganyen da za a yi gwajin ƙwayar halitta da shi, don haka wannan a ware shi cikin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi. Kuma a bar kwafi ɗaya na kowane samfuri a gida, a ɗakin adana tsirrai na cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ko na jami'arka, kafin wani ya tsallaka teku.

Kunyar magana kafin tafiya

Babban kuskure na biyu da ya ci ni ba a daji yake faruwa ba. An kira ka cikin tawaga, akwai Turawa, akwai alawus, akwai mota. Murna ta hana ka tambayar abu uku: bayanan na wa ne, sunan wa zai fito a takarda, wa ke da ikon amfani da su nan gaba. Tarbiyyarmu ce, muna jin nauyin yi wa babba irin wannan tambaya. To wannan kunyar tana da tsada.

Akwai wani aiki da na yi damina da rani a kansa, na tattara komai na tura ta imel ga abokin hulɗa a wata jami'ar waje, bisa alkawarin baka cewa tare za a rubuta. Sai wani abokina ya turo mini takardar ta fito. Sunayen marubuta a sama, babu ko ɗaya daga Najeriya. Nawa yana can ƙasa cikin godiya, tsakanin direba da kamfanin da ya ba da kuɗi. A jami'o'inmu da takarda ake ƙarin girma. Babu kwamitin da ke ƙirga godiya. Na rubuta ƙorafi, aka amsa mini da ladabi cewa ba a yi wata yarjejeniya ba. Gaskiyarsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu ba na sa takalmin ruwa sai an sa hannu a shafi ɗaya: wa zai riƙe bayanai, shekara nawa za a ba mu mu fara bugawa kafin a buɗe wa kowa, wane aiki ne ke sa sunan mutum cikin marubuta, ina samfuri zai zauna. Wasu abokaina na ganin wannan tsaurin ido ne, zai kori baƙi. Ban ga ya kori na kirki ba. Waɗanda suka san aikinsu ma su ke fara kawo takardar. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, dama ta kafa cewa albarkatun halittar ƙasa ba a ɗaukarsu sai da izini da rabon amfani, saboda haka ba roƙo kake ba.

Amma bari in juyo kanmu, don ba baƙi kaɗai ke da laifi ba. Ku da kuke cewa "Malam a saka sunana" a takardar da ba ku taɓa karantawa ba, da wane baki za ku zargi wani? Ku da kuke ƙulle bayanai a kwamfuta ɗaya kuna tsoron a sace, har ta mutu da su, wa kuka cuta? Kuma muddin mu ne masu jan tef, wasu ne masu lissafi, to sunanmu zai ci gaba da zama a tsakiyar jeri ko a ƙasa. Manhajar R, wadda ake lissafin bayanan bincike da ita, kyauta ce. Ka zauna ka koye ta, ka nemi a sa horon lissafi cikin yarjejeniyar, ka ce kai za ka rubuta daftarin farko na takarda ɗaya. Sannan irin su Baban nan da ya san kowace bishiya da ƙamshin ɓawonta: abin da ba ka so a yi maka, kada ka yi masa. Sunansa cikakke ya shiga takarda, kuɗinsa ya fito ranar da aka ce.

Saura kaɗan. Takardar izini daga hukumar gandun daji ba ta ɗauke maka zuwa gaida jauro ko mai gari ba; ka je tun kafin ka kafa turke, ka faɗi me jan fentin yake nufi, in ba haka ba za a ɗauka alamar sara ce ko ta ƙwace ƙasa, a ciccire lambobin. Na'urar GPS na ruɗewa a ƙarƙashin duhuwa, don haka kusurwar fuloti sai da turken ƙarfe ko na siminti, kuma ka duba ko na'urar tana kan ma'aunin taswira na duniya, WGS84, domin tsofaffin taswirorinmu a kan ma'aunin Minna suke, bambancin kuwa ya isa ya jefa ka wajen fulotin. Kwanan wata a rubuta sunan watan da haruffa: 03/04 a wurinka 3 ga Afrilu ne, a wurin abokin aikinka na Amurka 4 ga Maris.