Kurakuran da aka fi yi wajen canza shafin taga mai zamewa a tsohon ƙaramin jirgin sama

Aikin kallo ɗaya za ka yi masa ka ce ai na rabin yini ne: a zare tsohon shafin da ke cikin kwarmin taga, wato zirin ulu ko roba da gilashin ke zamewa a cikinsa, a zura sabo, a mayar da gilashi. Masu tsofaffin jirage irin su Aeronca Champ na 1945, da Piper Cub, da Ercoupe, sun san ba haka abin yake ba. Da yawa sukan gama aiki su tarar tagar ta ƙi motsi, ko kuma bayan wata biyu gilashin ya fara tsattsagewa daga gefe.

Kuskure mafi girma a kai yake farawa, ba a hannu ba. Mutum ya gaji da ƙarar taga da iskar da ke hura masa kunne, sai ya ƙudura cewa maganin shi ne ya matse ta tam. Ya je ya nemo shafi mai kauri, ya danna shi da ƙarfi. To abin da muke kira gilashi a waɗannan jirage ba gilashi ba ne, roba ce mai haske, akirilik, wadda aka fi sani da Plexiglas. Idan zafi ya buga ta tana buɗewa kusan ninki uku na yadda alminiyam ke buɗewa. Tagar da ka ga ta zauna daram da sanyin safiya a cikin rumfar jirage, da rana ta take a fili sai ta cije. Daga nan sai ja da ƙarfi, sai tsaga ta ɓullo daga ramin ƙusar mariƙi. A jirgi irin Ercoupe kuwa, inda tagogin nan biyu da ke zamewa ƙasa su ne ƙofar shiga da fita, taga mai cijewa ta wuce maganar jin daɗi. Gyaran shi ne ka auna kafin ka saya: kaurin gilashin da ke jikin jirgin a yanzu, da faɗin kwarmin a wurare da yawa, ba wuri ɗaya ba. Kada ka dogara da littafin kayan gyara kaɗai, domin jirgin da ya haura shekara saba'in ya bi ta hannaye da dama, wataƙila wani ya sa gilashi mai kauri fiye da na asali. Ka yanko guntun shafi kamar tsawon yatsa, ka gwada shi da gilashin a gurbinsa. In sai ka sa hannu biyu kafin ya zame, ya yi kauri.

Akasin haka ma kuskure ne. Iskar da ke wucewa ta jikin jirgi tana tsotsar taga zuwa waje, don haka gilashin da bai shiga kwarmi sosai ba yana iya lanƙwashewa ya fice a sama.

Sai batun cire tsohon. Gam ya bushe ya zama kamar dutse, haƙuri ya ƙare, sai a ɗauko sukundireba a hau kankara. Kowane ƙarce da bakin ƙarfe ya yi a kwarmin alminiyam wurin zaman tsatsa ne nan gaba. Burushin waya na ƙarfe ya fi haka ɓarna, domin yana barin ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, da danshi ya taɓa sai cin ƙarfe ya fara. Guntun katako da aka fiƙe, ko makankarin roba, shi ne kayan aikin. Yana ɗaukar lokaci, amma ba ya barin tabo.

Idan kwarmin ya fito fili, a nan ya kamata ka zauna, kuma a nan aka fi yin gaggawa. Tsohon shafi na ulu yana shan ruwa ya riƙe, shekara da shekaru. Na taɓa ɗaga wani na tarar da farin gari kamar gishiri a ƙarƙashinsa, da na goge sai ga ƙananan ramuka jere a ƙasan kwarmin, ramin fitar ruwa kuma tsohon gam ya toshe shi ɗam. Wanda ya yi aikin kafin ni sabon shafi kawai ya shimfiɗa a kan ɓarnar. Farin gari alamar alminiyam ne ke ci, ja kuma na ƙarfe ne. A goge shi har ya ƙare, a shafa fentin farko mai hana tsatsa, a buɗe ramukan ruwa. In cin ya yi zurfi, bakaniken jirgi mai lasisi ne zai yanke hukunci, ba kai ba. Ka kuma bi kwarmin da ido daga farko zuwa ƙarshe: sau da yawa wuri ɗaya ne ya loɓa, ana ta zargin shafi alhali ba laifinsa ba ne.

Abin da ya fi kashe gilashi shi ne ruwan wanke gam. Asiton, da tina ta fenti, da ruwan goge gilashin gida mai amoniya, duk maƙiyan akirilik ne. Ba lallai ka ga illar nan take ba. Sai bayan kwanaki ka hangi wasu siraran tsage-tsage kamar saƙar gizo idan rana ta haska ta gefe, kuma wannan ba ya gyaruwa. Fitar da gilashin gaba ɗaya ka ajiye shi nesa, a kan tsumma mai laushi, kafin ka buɗe kowace kwalba. Shi gilashin, ruwa da sabulu mara ƙarfi sun ishe shi. Gam ɗin ma yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai, shi ya sa mayar da taga alhali gam bai gama bushewa ba daidai yake da kulle ta da tururin da zai cinye gefenta. In hancinka na jin warin gam, lokaci bai yi ba. Kuma kada a labta shi. Siririn shafe a ƙasan kwarmi ya wadatar, wanda ya yi yawa sai ya ratsa ulun ya taurara shi, ya koma yana kartar gilashi. Gam ɗin silikon mai warin tsami shi ma a bar shi, tsaminsa na cin alminiyam.

Wani ƙaramin abu: kada ka ja shafin roba kana shimfiɗawa. Zai koma tsawonsa na asali ya bar maka giɓi a kusurwa. Tura shi za ka yi a hankali, ka bar ɗan rara, ka yanke a ƙarshe.

Shafin tagar mota yana ruɗar mutane saboda ga shi a kusa. Wasu na da ƙashin ƙarfe a ciki wanda ke tsatsa, kuma ba ya son bin lanƙwasar jikin jirgi. Idan taga ta ɗan yi nauyi kuma, ba a zuba mata mai ko giris, ƙura za su tara su zama samfefa. Feshin silikon ma yana hana fenti kamawa a duk inda ya sauka, abin da zai dame ka ran da za ka yi faci a jirgi mai jikin yadi. Ɗan kakin goge jiki a gefen gilashin ya isa.

In aikin ya kai ga huda ƙusoshin rifet, to ya canza suna, domin yana iya taɓa ginin jirgin. A dokokin jiragen sama na Amurka, sashe na 43 ya yarda matuƙi mai lasisi ya canza tagar gefe a jirginsa matuƙar aikin bai taɓa ginin jirgin ko wayoyin sarrafa shi ba, amma dole ya rubuta abin da ya yi a littafin jirgin, da kwanan wata, da sa hannu, da lambar lasisinsa. Wannan rubutun ake yawan mantawa. Ko wa zai huda, rifet mai kaurin 3/32 na inci bakin huda lamba 40 yake so, kan kawai ake cirewa a tura sauran, kada ramin ya buɗe. A shimfiɗa tsumma a ƙasa tun kafin a fara, a kuma ƙirga abin da ya faɗi, domin kan rifet ɗaya da ya gangara ƙarƙashin daɓe yana iya zuwa ya maƙale a inda wayoyin sarrafawa ke bi.

Gwajin ƙarshe kada ka yi shi a tsaye daga waje. Fito da jirgin rana ya yi awa guda, ka shiga ka zauna, ka ɗaura bel, ka buɗe tagar da hannu ɗaya ka rufe sau da yawa. Sannan ka zuba ruwa kaɗan a kanta, ka sunkuya ka ga ko yana fita ta ramukan ƙasa.