Yadda na daina sake aikin DNA daga farko idan an ɗauke wuta

Ina tsaka da haɗa jerin DNA na wata bakteriya a kwamfutata sai a ɗauke wuta, aiki ya koma farko. Don neman mafita, na zauna na gwada Galaxy, Snakemake da Nextflow, manhajojin da ke tafiyar da irin wannan aiki mataki-mataki.

Galaxy ya burge ni ƙwarai: a burauza ake komai, manyan na'urorinsu ke yin lissafin. Sai dai loda manyan fayiloli da datar waya akwai cin kuɗi.

Na tsaya kan Nextflow. Yana adana sakamakon kowane mataki a wata jakar fayiloli mai suna work. Wuta na dawowa, in ƙara -resume a umarnin, ya ɗora daga inda ya tsaya. Snakemake ma yana haka, amma tsararrun ayyukan nf-core, wato tarin da masu amfani da Nextflow suka shirya don kowa ya ɗauka, suka ja ni. Kada dai a goge jakar work ko ta .nextflow, inda yake ajiye tarihin aikin, kafin a kammala.